Birkin da Ba a Takawa

Wani mutum ne, Nafi'u, da muke wasan mota tare duk Lahadi da la'asar a wani tsohon filin ajiye tireloli a bayan gari. In dai cika baki ne, ba a kai shi. Jar motar tsere gare shi mai ƙofa biyu, amma bakinsa ya fi injinta ƙara. Ni dai da na hango shi kaina ke fara ciwo.

Gasar da aka sa mai sauƙi ce: ka taho a guje, ka tsaya dab da tulin tsofaffin tayoyi. Wanda ya fi matsowa bai taɓa ba, shi zai ja mana ayari zuwa babban wasan Abuja. Nafi'u ya rantse ya maya shi ne a gaba, in kuwa ya rasa, ya bar filin har abada. Muka ce Allah ya amsa rabin ƙarshen.

Sai ya yi odar sabon birki, manyan faifai masu huda-huda, suna ƙyalli kamar farantin jere. Ya kulle gareji ya ɗaura da kansa yana kallon bidiyo a waya, wai kada makanikai su sace masa sirri. To kowa ya san sabon birki sai an cire masa iska, an yi ta takawa har ya kama. Gogan naka ya ce takawa tana dusashe ƙyalli. Ko sau ɗaya bai ɗora ƙafa ba!

Ranar gasa a bayan babbar mota aka kawo jar motar tasa, a lulluɓe. Da hannu aka turo ta ƙasa. Nafi'u ya yaye mayafin, ya riƙe ƙugu.

"Ku kalla da ido, ban da taɓawa!"

Alhaji Gali, ciyaman ɗinmu, ya duƙa ya leƙa. "Nafi'u, ka gwada kuwa?"

"Haba Ciyaman! Irin wannan ake gwadawa? Wannan ko tunanin tsayawa ka yi, ya tsaya."

"Ɗan taka mu gani mana."

"In ɓata shi kafin a yi hoto? Ku ma kwashe tayoyin nan, raini ne. Ku ja min layi kawai."

"Kududdufi ne fa a bayansu."

"Sai me? Ni da shi sai dai gaisuwa daga nesa."

Aka kwashe. Wallahi da saurinmu muka kwashe.

Ya shiga, ya gyara tabarau, ya ba ta wuta. Vuuum! Ta taho kamar an jefo ta. Yana dab da layi har da ɗago mana hannu. Sannan ya taka birki.

Lakwas! Ƙafa ta shige har ƙasa, kamar ya taka tuwo.

Ya sake takawa. Shiru. Ya haɗa ƙafa biyu. A ruɗe ya lalubi birkin hannu, sai ga waifar share gilashi tana fat-fat-fat. Ya wuce mu fuuu, baki buɗe, yana salati da kiran sunan babarsa.

Tsundum!

Kwaɗi suka watse. Mota ta kafa hanci a laka, ta ɗaga baya sama. Can sai ga Nafi'u ya fito ta taga, koren ruwa har wuya, ba tabarau, gansakuka a ka. Mu kuwa don dariya wani na riƙe da ciki, wani ya zube a ƙasa.

Kun san fa mara kunya. Ya tofar da laka, ya nuna motar.

"To, ba ga shi ba? Ai ta tsaya!"

Alhaji Gali ya share hawayen dariya da bakin hula.

"Ta tsaya kam, mun shaida. Ka fito ka tafi gida, Nafi'u. Kududdufin ne ya zo na ɗaya."