Rasuwar Miss Adina, Gitar Mass Lenford

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ya rasa wurin sauka, Mass Lenford Tulloch na Port Antonio yake sanar da makaɗa, da 'yan rawa, har da maƙwabtan da suka sha kai ƙararsa, rasuwar abokiyar zamansa Miss Adina, gitar bas mai kaurin murya da tsirkiya huɗu, wadda ta cika ranar Lahadi da hantsi a kan cinyarsa.

Marigayiya ta sauka daga jirgin ayaba tun Lenford bai fara aske gemu ba. Nauyi gare ta kamar buhun doya, ita ta karkatar masa da kafaɗar hagu. Ba ta da surutu. Dum, du-dum, iyakar zancenta ke nan, amma in ta faɗe shi sai kwalabe su hau rawa a kan tebur. Kamar kowane makaɗin kirki a tsibirin nan, Lenford bai taɓa canza mata tsirkiya ba. Gumi da maiƙon kifi na shekara da shekaru su ne muryarta.

Ita ce kuma kunnensa. Tsayuwa gaban lasifika ta cinye masa ji, abin da ko mai gangarsa Hopeton bai sani ba. Katakonta mai nauyi ke kai masa kiɗa cikin haƙarƙari, da haka yake bin sahu, bai taɓa saɓawa ba.

Ajali ya zo ta hannun ƙauna. 'Yarsa Verona ta zo hutu daga Toronto, ta ɗauki Miss Adina a ɓoye ta kai wa mai gyara aka wanke ta tas, aka ɗaura sababbin tsirkiyoyi. "Papa, dubi yadda take walƙiya! Ai da kunya ka riƙa hawa dandali da wannan dauɗa." Ashe gara ta daɗe da shiga wuyan baiwar Allah. Lenford yana ƙara ɗaure tsirkiya, sai ƙas, wuyan ya karye! Miss Adina ba ta sake cewa komai ba.

Ta bar Lenford, da maratayinta na fata, da tsohuwar lasifika mai tari, da Verona wadda har yau kuka take, ko da yake ba wanda ya ga laifinta. An sayo sabuwar gita, mai tsirkiya biyar da batir a ciki. A faɗi gaskiya, ba ta karya kafaɗa, damina ba ta dame ta ba, sautinta tsaf. Sai dai ba ta motsi a jikin mutum. Ranar da Lenford ya gwada ta, Hopeton ya ajiye sanduna. "Mass Len, ina ka nufa ne? Mu mun kai Kingston, kai kana bakin ƙofa kana neman takalmi!" Aka kwashe da dariya. Shi bai ji abin da aka ce ba, dariyar kawai ya gani, ta kuwa yi masa ciwo.

Za a yi zaman makokin dare na tara a farfajiyar gidansa. Akwai farfesun kan akuya, da soyayyen kifi da burodi, da farar giyar rake, za a zuba wa marigayiya nata kason a ƙasa. Washegari a binne ta gindin mangwaro tare da tsofaffin tsirkiyoyinta, waɗanda Verona ta tono daga sharar mai gyara. An gaya wa Hopeton ya nemi wani mai kaɗa gitar bas.

Masu ta'aziyya, Mass Lenford yana roƙonku ku tsaya a gabansa ku yi magana a hankali, inda zai ga bakinku.