Shirun Surukaina

Ko na so in manta da wannan rana, matata Rabi ba za ta bar ni ba.

Shekarar da aka turo ni koyarwa Galma, garinsu, na zo da wata kalmar Latin da na tsinto a jami'a: nemine contradicente, wato an amince, ba wanda ya musa. Ji nake da ita kamar sabon takalmi, wurin takawa kawai nake nema.

Sai iska ta kwashe rumfar ajinmu, yara suka koma karatu a rana. Na tara iyaye, na ce a yi gayya a tayar da ita, na kuma tsayar da rana da kaina. Rabin mutanen da ke kan tabarma surukaina ne, har da baban Rabi.

"Akwai mai magana?"

Tsit. Kowa ya sunkuyar da kai, tsohon na jan tasbaha. Na gyara murya, na ɗaga yatsa (Allah ya yafe mini yatsan nan), na saki Latin ɗina. Har da fassara, don kada a bar kowa a baya.

Ranar gayya na yi sammako da gatari. Hantsi ya yi, ba kowa. Can sai ga jerin amalanke suna wucewa da buhunan albasa, a kansu kuma mutanen da suka amince mini. Kowa ya ɗaga hannu, "Mushe, sannu da aiki," don haka suke kiran malamin boko a nan. Ashe ranar kasuwa na zaɓa. Na duƙa na haƙa rami ɗaya, don kada a ce tsaye kawai nake.

Rabi ta kawo mini fura, tana danne dariya.

"Ai ba wanda ya musa," na ce.

"Wa za shi musa ma? Baba ya yi gardama da mijin ɗiyatai gaban mutane? Tun randa kunka tashi anka aiko in hwaɗa maka ranar kasuwa ta. Ni ko nic ce bari Latin ta yi aikinta."

Washegari suka zo gaba ɗayansu, kafin azahar rumfa ta tsaya. Ramina kuwa suka cike shi a hankali, don ashe ya karkace. Ba wanda ya tayar da maganar, kunya kuwa ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Tun daga nan, in taro ya yi shiru ba na cewa komai. Gida nake komawa in tambayi Rabi me muka yanke.