Surukina Ya Yi Tafinta, Garantin Motata Ya Tashi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya share mini sauran abubuwa, da safiyar Asabar ɗin da na tona wa kaina asiri da wayata, da muryata, a gaban surukina.

Shekara huɗu kafin ranar ne na sayi sabuwar mota dal, ta farko a rayuwata, domin a da duk ta hannu nake ja. Mai sayarwar ya ce akwai garanti na har abada a kan inji da giya da duk ƙarafan da ke juya tayoyi. Muddin motar tana hannuna, in ɗayansu ya lalace su za su gyara. Ni kuwa Allah ya yi ni da shegen tambaya. A ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki a Germantown, nan ƙasar Turawa, in aka kawo sabuwar na'ura sai na ji dalilin kowane maɓalli kafin in bar mutane su sha iska. Sai na tambaye shi yadda za a yi kamfani ya yi wa ƙarfe alkawarin da ko likita ba ya yi wa mutum. Ya yi murmushi, ya ce amsar tana cikin wani ɗan littafi, ya miƙo mini. Na jefa shi a aljihun gaban mota, ya zauna a can tare da tsinken sakace da tsofaffin abin rufe hanci.

Tambayar ba ta bar ni ba. In na maƙale a cunkoso tsakanin Laurel, inda muke zaune, da wurin aiki sai in yi ta juya ta a raina. Ko dai sun ƙera injin da ba ya mutuwa ne? Ko sun san ɗan Adam ba ya haƙurin zama da mota ɗaya, zai sayar kafin ta tsufa? Na tambayi abokan aiki, na tambayi wani maƙwabcina direban babbar mota, har wani mai sayar da inshora na tsare a wurin walima. Kowa na tambaya, ban da littafin da ke kwance kusa da gwiwata.

Rashin sanin bai hana ni wa'azi ba. A wurin suna, a bakin masallaci bayan Juma'a, da an ambaci mota sai in gyara zama. Har cewa nake yi wanda ya sayi mota babu irin wannan garanti haya kawai yake yi. (Matata Hauwa takan tashi ta koma wajen mata in na fara, ni kuma ina ɗauka kunyar yabon mijinta take ji.)

Juyen baƙin mai kuwa ba wajen dillalin nake kai wa ba. Can sai ka nemi rana, ka zauna a kujera kamar mai jiran likita. Ni ina da Masta Issaka, bakanike ɗan Kumasi da ke aiki a bayan gidansa a Fort Washington. A wurinsa akwai shayi, akwai hira, in ka yi sa'a matarsa ta aiko da shinkafa da wake. Ban taɓa karɓar rasit a hannunsa ba. Mutumin da kuke haɗa sahu a sallah, ka ce ya rubuta maka takarda? A ganina wannan daidai yake da ce masa ban yarda da kai ba.

To, sai maganar surukina. Baba, mahaifin Hauwa, ya daɗe a ƙasar nan yana aikin tafinta a asibitoci da kotuna. Mutum ne mara yawan magana, kuma tun da na auri 'yarsa nake fafutukar ya ɗauke ni mai kan gado. Bai taɓa neman shawarata a kan komai ba sai a watan nan, da ya ce tsohuwar motarsa ta gaji, ya ji an ce ni ne masanin garanti. Ranar har abinci na ƙara.

Kwana biyar bayan haka injina ya buga a kan babban titi, sai janwe ce ta ja motar zuwa garejin dillalin. Kun san abin da na ji? Daɗi. Na ce ga dama ta samu, Baba zai ga aiki da cikawa. Na kira shi na roƙe shi ya raka ni ranar Asabar, ya ga yadda ake ba mutum sabon inji ana ba shi haƙuri.

Matar da ke karɓar masu gyara ta tarbe mu da fara'a. Ta duba kwamfuta, ta ce lallai ina da garantin, saura in kawo shaidar cewa ana yi wa motar juye a kan lokaci. Na ce ina da bakanike na musamman. Ta ce madalla, ina rasit? Na ce a tsakaninmu ba ma yin haka. Ta ɗan dube ni, sannan ta ce ko wace irin shaida ce mai kwanan wata in kawo, za ta aika wa masu garantin su duba.

A nan ne dabara ta faɗo mini, irin wadda kan zo wa mutum in Allah ya tashi kama shi. Ni da Masta saƙon murya muke yi a waya, kuma kowanne da kwanan watansa. Na zaro waya ina murmushi. Matar ta ce ai ba ta jin yaren. Baba ya matso ya ce wannan aikinsa ne. Ya gyara tsayuwa, ya haɗa hannuwa a gaba, ya kafa ido a bango.

Saƙon farko lafiya lau. Masta yana cewa in kawo motar ranar Lahadi, ya sayi mai da filta. Baba ya juya shi zuwa Turanci tsaf, matar ta rubuta. Ina cikin gyaɗa kai sai wayar ta wuce saƙon Masta na gaba da kanta.

"Massa, wata goma ke nan ban ga motan nan ba. Mai ya wuce lokaci, zai kashe inji o."

Baba ya fassara. Na kai hannu zan kashe, yatsana ya zame, sai ga muryata ta cika ofishin, ina magana ina taunar wani abu:

"Masta, rabu da shi kawai. Ai ni garantin har abada gare ni. In ya buga ma gaba ta kai ni, sabo fil za su sa mini. Su suka ga za su iya."

Na dubi Baba da duk roƙon da ido zai iya yi. Mu biyu kaɗai muka ji abin da aka faɗa, kuma da ya ce gaisuwa ce da an wuce wurin. Baba bai ko kalle ni ba. Ashe ƙa'idar aikinsu ita ce tafinta ya yi magana kamar shi ne mai maganar, don haka na tsaya ina jin surukina, da furfurarsa da muryarsa ta kotu, yana shaida wa baiwar Allah cewa shi garantin har abada gare shi, in injin ya mutu ma riba ya ci. Bai rage ko kalma ɗaya ba. Har dariyar da na yi a ƙarshe sai da ya ce, "Mai maganar ya yi dariya."

Matar ta ajiye biro a hankali. Baba ya juyo gare ni, cikin ladabi, ya kira ni da sunan 'yarmu kamar yadda ya saba, ya ce, "Abban Amira, akwai saura?"

Na ce babu. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige har da takalmi.

A tsohuwar motarsa muka koma. Da muka hau babban titi, sai Baba ya ce in buɗe aljihun gaban in miƙo masa tabarau. Ina buɗewa na ga ambulan ƙato, cike da rasit a jere, an ɗaure da roba. Na saman yana ɗauke da kwanan wata da yawan mil, da sa hannun da na sani sarai. Na Masta Issaka ne.

"Ai yana da littafin rasit," in ji Baba, idonsa a kan hanya. "Tambaya kawai ake yi."

Da yammar ranar na koma garejin na ɗauko ɗan littafin nan daga motata, na karanta shi daga bango zuwa bango, kuma na samu amsar da na yi shekara huɗu ina nema. Garantin gaskiya ne, ba yaudara ba. Sai dai bai shafi na'urar sanyaya mota ko kayan lantarki ba, yana mutuwa ranar da ka sayar, kuma yana tsaye ne a kan juye a kan kari da takardar shaida. Kamfanin bai dogara da ƙarfin inji ba. Da irina ya dogara, mu da za mu karya sharaɗin da hannunmu muna dariya.

Injin dai daga aljihuna aka gyara shi. Bayan wata guda Baba ya sayi sabuwar motarsa, mai irin garantin nan sak. Da na je yi masa murna ina sunkuyar da kai, sai ya ce, "Shawararka mai kyau ce, Abban Amira. Da ma kai ma ka samu wanda ya ba ka ita."

Darasin da na koya guda biyu ne. Mai yawan tambaya ya fara da takardar da ke gabansa kafin ya dami jama'a. Sannan duk wanda ya auri 'yar tafinta, ya riƙa sauraron saƙonsa shi kaɗai kafin ya kira shaida. Yanzu in Masta ya turo cewa lokacin juye ya yi, a rubuce nake ba shi amsa, kuma ba ta wuce "To."