Katifar Amarya a Sutudiyona

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na mayar da kayan ɗakin ƙanwata sutudiyo ba. Farkon shekarun casa'in ne, muna Unguwar Sarki, ina ji da kaina wai ni mawaƙi ne (a lokacin ni kaɗai na san da wannan labarin). Na ɗauki waƙata a kaset na kai wa wani furodusa a gidan rediyo, mai shirin sababbin mawaƙa. Ya saurara kaɗan ya kashe, ya ce, "Samari, muryar da daɗi, amma a rijiya ka rera ta ne?" Wai ɗakina ke amsa kuwwa, bango siminti, sama kwano. Ya ce in rufe bangon da abu mai laushi in sake ɗauka, in kawo ranar Juma'a, ko ya ba wani gurbina.

To ni da nake kwana a tabarma, ina na ga abu mai laushi? Sai ga bikin ƙanwata Hadiza ya matso, aka jibge kayan ɗakinta a ɗakina na zaure, aka ce in sa ido. Wallahi kuwa na sa ido! Ranar Alhamis da rana na rataya bargunan amarya a bango, na toshe taga da darduma, na cusa matasai a lunguna, sabuwar katifa kuma na jingine ta a ƙofa. Na tafa hannu, babu kuwwa ko kaɗan. Sai dai ledar katifar tana ƙara duk na motsa, don haka na sa reza na farke ta (a nan ne hankalina ya tafi hutu).

Na kashe fanka saboda ƙararta, na tuɓe daga ni sai singileti da gajeren wando, na danna rikoda na rufe ido. Ashe ranar za a je jere. Gwaggo Ladi, yayar babanmu, ta zo da mata cike da zaure. Sun yi sallama, sun buga ƙofa, sun kira sunana, ban ji komai ba, aikina ya yi kyau fiye da kima. Ina kai baitin ƙarshe suka haɗu suka banko ƙofar. Katifa ta rufto mini, na baje ƙasa, ƙafafuna kawai ke waje.

"Innalillahi! Ɗan nan, ina ledar?" in ji Gwaggo. Ba ta ma tambaya ko na karye ba. "So kake dangin miji su ce tsohuwar katifa muka kai wa 'yarmu?"

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina tsiyayar gumi a gaban iyaye mata, na liƙe ledar nan da salatif, na ɗauki katifar a ka har bakin mota, suna bina da dariya.

Washegari na kai kaset ɗin. Furodusa ya saurara har ƙarshen waƙar, ya ce, "Kai! Legas ka je ka ɗauko wannan?" Kafin in buɗe baki sai ga salatin Gwaggo ya fito tar daga sifika, ba kuwwa ko ɗis. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce zai yanke wurin.

Ranar Asabar ana tsakiyar yinin biki aka sa waƙata a rediyo. Kowa ya kasa kunne. Gwaggo ta rangaɗa guɗa ta ce, "Ɗana ne! A katifarmu ya yi ta!" Daɗin da na ji ranar, har yau ban sake jin irinsa ba.

Yanzu ina da sutudiyo na gaske, bangonsa duk soso. Masu tasowa in sun tambaye ni sirrin sauti mai kyau, nakan ce su nemi abu mai laushi, su bar ledar amarya inda suka gan ta, sannan don Allah su sa sakata.