Tambayar da Na Yi wa Baban Bello

Ko na tsufa na manta lambar wayata, ba zan taɓa mantawa da ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Laraba ba. Daidai lokacin ne na sauka daga keke napep a ƙofar wani asibiti a Jimeta, rungume da fulas ɗin kunun gyaɗa, zan je duba mahaifin Bello, saurayina, wanda aka yi wa aikin hanji.

Ban taɓa haɗuwa da iyayensa ba. Maganar aurenmu kuwa tana rawa, don mahaifiyarsa, wadda suke kira Dada, ta ce ba ta gane wa 'yan boko ba. Shi ya sa tun daga gidanmu a Bekaji Goggona ta ja min kunne: "Ki gaida su, ki sunkuyar da kai, ki ajiye kunu, ki fito." Na ce wannan ai sana'ata ce. Ni da ko a aji aka kira sunana sai muryata ta maƙale.

Ɗakin cike yake. Ga Baban Bello a kan gado, ga Dada, ga abokan Baba uku, duk tsofaffin malaman makaranta, ga Bello tsaye a bakin ƙofa. Na durƙusa na gaida su. Da ma na tashi a nan.

Sai Baba, cikin kirki, ya ce, "'Yata, me kike karanta a jami'a?"

Ashe kunyata tana da makunni, kuma shi ya taɓa. Aikina na shekarar ƙarshe a kan nanofaiba ne, kuma babu wanda ya taɓa tambayata. Na fara bayani cewa wasu zarurruka ne da suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba, ana tara su su zama kamar ƙyalle marar nauyi. Na ce masu bincike na gwada naɗa shi a inda aka ɗinke hanji, don ya taimaka wa wurin ya haɗe kada ya yi yoyo, daga baya ya narke a jiki. (E, na ce "yoyo" a gaban mutumin da ɗinkinsa bai warke ba.) Har na kama gefen hijabina na murɗe shi ya zama hanji, na naɗa masa hankici don su gani. Bello yana ta tari, ni kuwa na ɗauka mura ce.

Ina cikin haka na hango Dada ta zuba kunun a kofi tana miƙa wa Baba. Na tuna na karanta cewa likitoci kan so su ga alamar hanji ya farfaɗo kafin a bar majinyaci ya ci abinci. Alamar kuwa sananniya ce.

"Dada, dakata!" na ce. Na juya, cikin ladabi iyakar ladabi, na ce, "Baba, tun da aka yi aikin, an yi tusa kuwa?"

Fanka kaɗai ke motsi. Wani daga cikin abokan, Malam Buba, ya cire hularsa yana leƙa cikinta. Dada ta ajiye kofin a hankali ta ce, "Ikon Allah." Baba ya kafa wa silin ido.

Ana haka wata nas, Sista Rifkatu, ta leƙo ta ce da irin Hausarta, "Wannan yarinya ya yi gaskiya fa, kar a ba shi kunu tukuna." Gaskiyar ba ta amfane ni da komai ba. Na fito da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

Goggo da ta ji, sai da ta zauna a ƙasa. "A Yola? Surukinki? Gaban mutane?" Na kashe wayata na shige ɗaki, na yi wa aurena ta'aziyya. A nan na gane cewa ba kowace tambayar da ke cikin littafi ce ta dace da bakin mai neman shiga gidan mutane ba.

Ranar Juma'a Bello ya zo ƙofar gida, ya miƙo min wayarsa ba tare da ya kalle ni ba. Muryar Baba ce, a raunane amma da dariya a cikinta.

"'Yata, kin tafi ba ki karɓi amsarki ba. An samu, jiya da hantsi, Malam Buba ma shaida ne. Ki gaya wa mutanen gidanku, ina fitowa daga nan ƙannena za su zo neman aure. Roƙona ɗaya: su kam kada ki tambaye su komai."