Kwanon kunu da jan sanda

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarar ludayi ce a gefen kwano ta fara komai. Ina dama kunun tsamiya a gidanmu na Dutsin-Ma aka yi sallama: mahaifiyata Inna na kwance ba lafiya a Kurfi, tana kiran sunana.

Maigidana Malam direban wani Alhaji ne mai hatsi, ya aro mota Landiroba. Na juye kunun a kwanon sha, don shi kaɗai Inna ke iya haɗiya in jiki ya ƙi, na ɗauki 'yata Ladi muka shiga gaba.

Damina ce. Da muka kai wani rafi mai yashi, Malam ya jawo wata ƙaramar sandar giya mai jan kai zuwa baya, wadda ke sa ƙafafun motar huɗu su ja tare da ƙarfi, ya sauka duba zurfin ruwa. Ni kuwa kwano ya ƙona min cinya. Na nemi wurin ajiye shi, sandar nan ta tare. Sai na ɗan tura ta gaba, na girke kwanona, na lulluɓe su duka da zane. (Wai ni mai sakandare, wadda ake kawo wa wasiƙa ta karanta!)

Malam ya dawo ya taka. Inji na ruri, mota ko gezau. Ya shiga ƙarƙashi, ya fito duk laka. Manoma suka bar fartanya suka zo turi. Ni ina zaune ina jan carbi, ina roƙon Allah Ya kawar da abin da ya tare mu, alhali abin na sanye da ɗankwalina.

Sai bayan la'asar Malam ya yaye zanen zai goge hannu. Ya tsaya cak.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ce, Malam. Kwano na gyara wa zama."

Wani tsoho cikin masu turi ya ce, "Ikon Allah!" Ashe turin da na yi wa sandar ne ya raba inji da ƙafafu. Malam ya mayar da ita kawai, mota ta haye kamar wasa. Da ma zagina ya yi.

Mun tarar ana dawowa daga maƙabarta.

Kwana ya ƙare, na sani, ba a ƙara wa rai daƙiƙa. Amma tun ranar, ko tsintsiya na gani a jingine sai na tambayi dalili kafin in gusar.

Ina kuka a ɗakin Inna, Ladi ta shigo rungume da kwanon, ta buɗe min murfi.

"Umma, ki yi shiru. Kin ga, ko ɗigo bai zube ba."