Saniyar Suna da Dogon Gilashi

"Lafiya lau, sai kewar miji. Ina gajiyar hanya? Ina mutanen Kontagora, har yanzu ba su gaji da kai sun koro ka ba?"

"Su kore ni su samu kamar wa? Ke dai ina kwana, tsohuwa. Ashe kina nan? Ni da na taho da cokalina a aljihu, na ɗauka yau za mu sha gumba."

"Gumbar wa? Ni zan sha taka, ɗan nema. Dubi wuya kamar na zakaran da aka fige."

Haka Zaidu da kakarsa Fadimatu suke gaisawa tun ya fara magana. Ya jingine babur a gindin kaɗanya, raɓa ta jiƙa masa wando har gwiwa. Rugar tasu tana can ciki, gefen hanyar Zugurma, inda mota ba ta shiga da damina. An yi ruwa da asuba, ƙasa sai ƙamshi take yi, hayaƙin da aka kunna wa shanu saboda ƙuda yana tafiya ƙasa-ƙasa tsakanin ƙafafunsu. Kaka tana zaune kan turmi da ƙwaryar nono a cinya.

Zaidu malamin firamare ne, amma in ka tambaye shi aikinsa hoto zai fara ambata maka, alhali ko sisi bai taɓa samu da shi ba. Su biyar ne, duk Asabar suna haɗuwa a rumfar mai shayi, kowa da kyamara a wuya. Allah dai ya shirya mana masu hoto! Ciwonsu ɗaya ne, duk hoton da bai yi kyau ba laifin kayan da ba su saya ba ne. To, abokinsa Obed ya sa dogon gilashinsa a kasuwa, irin wanda ake ɗaura wa kyamara a baki ya jawo abin da ke nesa ya kawo maka gaban hanci. Shi ma Obed ɗin wani gilashin ya hango wanda ya fi wannan tsawo. Ya ba Zaidu wa'adi zuwa Juma'a, in bai zo da kuɗi ba abokinsu Shadrach zai ɗauka.

Tun ranar da Zaidu ya leƙa cikin gilashin nan bai dawo daidai ba. Yana cikin rubutu sai allo ya koma masa fadama, ruwa kwance, gauraka tsaye a ciki da tukkunta ruwan zinariya, tana juyo da kai a hankali tana dubansa. Sai yara sun ce, "Malam, alli ya faɗi," sannan ya farga. Shekara uku yana bin gauraki, abin da ya samu bai wuce ɗigo biyu a sararin sama ba.

Abu ɗaya ya mallaka da zai iya sayen gilashin, wato Mai Tozali. Ranar sunansa kakansa Yero ya ba shi karsana, kamar yadda ake yi wa kowane ɗa a gidansu, duk abin da ta haifa nasa ne. Karatu ya ci wasu, babur ya ci wasu, saura wannan farar saniya mai baƙi kewaye da idanu. Tasa ce, ba mai musu. Amma tun rasuwar Yero, saniyar suna ba ta barin garke sai Kaka ta kwance igiya da hannunta.

Ya durƙusa, ya ciro ƙunshi daga jaka.

"Amaryata, wallahi kin ƙara kyau. Ga goro, fari tas, na zaɓo miki da kaina."

"A'a! Ɗazu gumba, yanzu goro? Faɗi abin da ka zo roƙo kafin nonon nan ya yi tsami."

Ya buɗe waya ya miƙa mata. Ta nisantar da ita daga ido, ta matso da ita, ta juya ta sama a ƙasa.

"Mece ce wannan? Taɓarya?"

"Gilashi ne. In na ɗaura shi, daga nan sai in ƙirga gashin idon mutumin da ke tsaye a Ibeto."

"Me mutumin Ibeto ya yi maka da za ka ƙirga masa gashin ido?"

"Misali na ba ki."

"Yana ba da nono?"

"Haba Kaka."

"Yana haihuwa? In ka ajiye shi shekara, za ka tarar da ɗan ƙarami kwance a gefensa?"

"Suna yake haifarwa. Hotona zai je Abuja, ya haye teku, a rataye shi a bango mutane su tsaya su riƙe baki. Ranar nan jirgi zan sa ki, in saya miki haƙoran zinariya, tunda naki sun tafi mashaya ba su dawo ba."

"Ukun da suka rage sun fi hankalinka yawa. Bara ma haka ka ce da ka sayo mai ƙafa ukun nan kamar murhu. Ina yake?"

"Yana ɗaki."

"Ƙanwarka Murja ta ce singileti kake shanyawa a kai."

"Murja baki gare ta."

"Fitilar nan mai walƙiya fa, da ka haska wa bijimi a ido ya bi ka har kan kaɗanyar nan? Sai azahar muka samu ya yafe maka."

"Wannan bijimin jahili ne, bai san fasaha ba."

"Ya fi ka. Shi bai taɓa sayen abin da zai hau da shi itace ba."

Zaidu ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya sosa ƙeya, ya dubi garke, ya dubi ƙasa, sannan ya faɗa da sauri kamar mai haɗiye magani.

"Mai Tozali nake so in kai kara."

Hannun Kaka ya tsaya a bakin ƙwarya. Daga can ƙarshen garke ana jin kukan maruƙa. Sai ta tafa hannu.

"Oh ni Fadimatu! Mijin farko ya tara, na biyu ya zo watsarwa. Wancan mutumin," don ko bayan ransa ba ta kama sunan Yero, "kwana biyu ya yi a daji yana neman kakar saniyar nan da ta ɓata, ya dawo ƙafa duk ƙaya. Shi kuma wannan zai ba da saniya mai tatsa a ba shi taɓarya. Saki nake so. Yau ɗin nan."

"Wa zai kwashe ki in na sake ki?"

"Layi suke yi. Wai tsaya, me za ka ɗauka da abin?"

"Gauraka."

"Gauraka? Waɗannan biyun da ke hana ni sakat da kuka a fadamar bayan ruga?"

"Su. Da na matso sai su tashi."

"Ai dole su tashi. Kana warin sabulun birni, kana tafe tsaye ƙiƙam kamar mai karɓar haraji. Ni har sannu muke yi da su."

"Ƙarya dai ba ta yi wa furfura kyau."

Kaka ta rufe ƙwarya da faifai, ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara.

"Cire takalmi. Cire wannan rigar mai ihu. Miƙo hannu."

Kafin ya ankara ta duƙa ta dumbuzo ɗanyen kashin shanu ta shafe masa dantse biyu da shi.

"Innalillahi! Kaka, mene ne haka?"

"Turaren ango. Yi shiru."

Ta kwance Mai Tozali, ta kira ta da wata 'yar murya cikin Fulatanci, saniya ta biyo ta. A bakin fadama ta tsaya ta yi masa raɗa.

"Duƙa a gefenta, ka jingina kafaɗa da haƙarƙarinta. In ta taka ka taka, in ta tsaya cin ciyawa ka tsaya. Kar ka kora ta, kar ka leƙa. Sun san ta, kuma ba su iya ƙirga ƙafa ba. In ka yi tari na sake ka saki uku."

"Ɗazu ke ce mai neman saki."

"Na ce yi shiru."

Ya duƙa. Jikin saniya da ɗumi, yana jin numfashinta yana ɗaga kafaɗarsa yana saukewa. Ta taka, ya taka. Taɓo mai sanyi ya riƙa fitowa ta tsakanin yatsun ƙafarsa. Tururi yana tashi daga kan ruwa, rana ba ta gama fitowa daga gajimare ba, komai ya yi fari-fari, har bai san inda fadama ta ƙare sama ta fara ba. Mai Tozali ba ta sauri don kowa. Ta tsaya ta fizgi ciyawa, ta tauna, ta yi tunaninta na shanu, sannan ta ƙara taku uku. Bayansa ya ƙage, sauro ya ci rabonsa. Can sai ya daina jin duk wannan. Ya manta da Juma'a, ya manta da Obed, ya tuna yana ɗan shekara shida yana tafiya haka a gefen wata farar saniya, hannunsa a kan cikinta, muryar kakansa tana gaba. Bai san tsawon lokacin da suka ɗauka ba.

Saniya ta tsaya. Ta ƙarƙashin wuyanta ya ga ƙafa biyu, baƙaƙe, sirara, tsaye cikin ruwa. Ya ɗago kyamararsa, tsohuwar nan da yake rainawa, a hankali ƙwarai. Ga gauraka nan, in ya miƙa sanda zai taɓa ta. Raɓa ta maƙale a kowane silin tukkunta, kuncinta fari da ɗan ja, idonta kuwa shi yake kallo ba ta gan shi ba. Ta biyun ta taho ta bayanta, ta buɗe fukafukai, ta ɗan yi tsalle, ta sunkuyar da kai. Zaidu ya danna. Ya sake dannawa. Mai Tozali ta kaɗa jela ta ci gaba da kiwonta, tsuntsayen ko gezau.

Da suka fito kan tudu ya garzaya wajen kaɗanyar zuciyarsa. Ya nuna wa Kaka bayan kyamara. Ta ƙura ido.

"Hm. Ta fi ka kyau."

"Kaka, kin san me na ɗauka kuwa? Ko Obed da gilashinsa bai taɓa samun irin wannan ba!"

"Saniya ta ɗauka. Kai dai ka danna."

Suka kamo hanyar ruga, ita a gaba da igiya, shi a baya yana ta kallon hoton yana tuntuɓe. Kuma kun san halin masu hoto. Kafin su kai kaɗanya har zuciyarsa ta fara raya masa cewa in da da dogon gilashi ne, da ƙwayar idon ma ta fito.

A bakin turke Kaka ta tsaya, ba ta ɗaure saniyar ba. Muryarta ta sauka.

"Ka san abin da ya sa na ƙi jinin taɓaryar nan? Ka ce daga nesa take gani. Yanzu saniyar nan ce ke kawo ka. Ka zo duba ta, ni kuma in ci albarkacinta in gan ka. In ta tafi, sai ka hau rufin makarantarku ka hango ni, ka ce tsohuwa na nan da rai, shi ke nan. Tsoron da nake ji ke nan, Zaidu."

Rabon da ta kira shi da sunansa har ya manta. Ta kamo hannunsa mai kashin shanu, ta damƙa masa igiya.

"Ga ta. Taka ce, wancan mutumin ya ba ka. Na kwance."

Ta juya ta koma kan turminta, ta ɗauki ƙwarya, ta ba shi baya.

Zaidu ya tsaya da igiya a hannu. Ga hanya can ta miƙe, in ya sa a kora ta yau, gobe tana kara, jibi gilashi yana wuyansa. Ya dubi bayan kakarsa, ya ga yadda ya ranƙwafa fiye da bara. Kunya ta kama shi, da tausayi. Mai Tozali ta miƙo hanci ta lashi gwiwar hannunsa.

Ya durƙusa a gindin turke ya fara ɗauri. Ya zagaya, ya ƙulla, ya ja. Saniya ta ɗaga kai sau ɗaya, ƙullin ya warware ya faɗi ƙasa. Ashe Kaka tana kallo ta wutsiyar ido. Ta fashe da dariya har nono yana zuba a zaninta.

"Jama'a ku zo ku ga miji! Ko igiya bai iya ɗaurewa ba, wai shi zai kai ni jirgi!"

"Na sallama, tsohuwa, kin ci. Shadrach ya je ya ƙirga gashin idon mutanen Ibeto. Taso ki nuna mini."

"Ba zan taso ba. Ƙulli bakwai ne, kuma ɗaya nake koyarwa a zuwa ɗaya."

"Bakwai? Da can biyu na sani."

"An ƙara," in ji ta, tana share ido da bakin gyale. "Je ka wanke hannu, na dama maka fura."